Yadda Maɗaci Ya Rabu da Zaƙinsa

Dalilin da ya sa maɗaci yake da ɗacin nan da ke kora ku bayan ɗaki in kun ga na ɗauko ƙoƙo, yau za ku ji shi. Ke Ladiyo, daina murguɗa baki, ban ma jiƙa ba tukuna.

A zamanin da, ɓawon maɗaci zaƙi gare shi, ya fi rake. Ga shi kuma maganin ciwon ciki. To ku gaya mini, wa zai yarda ya zauna lafiya? Gari kaf ya kwanta ciwon ƙarya. Ƙato da gemunsa sai ya riƙe ciki yana "wayyo Allah", a miƙo masa jiƙo ya shanye, ya lashe ƙoƙon, ya ce ai ciwon ya koma ɗaya gefen. Mai unguwa Barmo kuwa ko kunya babu, da jiƙon ake dama masa fura.

Shi kuwa itace, in aka zagaye shi da sassaƙa, mutuwa yake yi. Haka itatuwan maɗaci suka yi ta bushewa, har ya rage guda ɗaya tak a bakin rafi.

Ana nan sai Lanti, matar Cindo mai magani, ta kwanta ciwon gaske. Ta daina cin abinci, Cindo bai damu ba. Amma da ya ga ta wuni ba ta yi masa faɗa ba, sai hankalinsa ya tashi ƙwarai. Ya ɗauki gizago ya nufi rafi.

Ya tarar da maɗacin tsirara, sai wani ɗan ɓawo siriri da ya rage a bayansa kamar bante.

"Cindo," in ji maɗaci, "banten ma ka zo cirewa?"

"Ka yi haƙuri, Lanti ce ba lafiya."

"Kowa haka yake cewa. Jiya wani ya ce kakarsa ce, a nan gabana ya tsaya ya cinye rabon kakar."

Cindo ya yi ta rantsuwa har da hawaye. Maɗaci ya ji tausayinsa, ya ce, "Na yarda. Amma in ka tsinke wannan, tawa ta ƙare. Lanti ta warke bana, baɗi kuma wa zai ba ta magani?"

To, a kogon maɗacin akwai ƙudan zuma. A lokacin zumarsu ɗaci gare ta, ko kare ba ya lasa. Sai uwar zuma ta leƙo ta ce wa maɗaci, "Mu kam mun gaji. Muna ta wahala a rana, ba mai ko kallonmu. Ba mu zaƙin nan, ka karɓi ɗacinmu."

Maɗaci ya ce, "Za su biyo ku fa."

"Su biyo mana! Harbin nan namu na ado ne?"

Nan take suka yi musaya. Maɗaci ya bar Cindo ya ɓantari ɗan kaɗan daga gefe, bayan ya sa shi ya ɗauki alkawari: daga yau ba zagayewa, a sassaƙa gabas, a sassaƙa yamma, a bar sauran, a kuma shafe ciwon da laka. Cindo ya ɗebo lakar rafi ya yaɓe shi tun daga ƙasa har inda hannunsa ya kai.

Yana gama jiƙawa a gida, sai ga mai unguwa Barmo riƙe da ciki yana nishi. Ko sallama bai ƙarasa ba ya fizge ƙoƙon ya kafa kai. Kai, yara! Idonsa ɗaya ya rufe, ɗayan ya firfito, kunnuwansa har motsi suke.

"Ranka ya daɗe, a ƙaro?" in ji Cindo.

"Na warke! Wallahi na warke!" Ya fita da gudu, ya bar hularsa.

Kafin la'asar babu sauran maras lafiya a garin. Waɗanda aka kwantar a tabarma ma sai ga su a gona.

Cindo ya kai wa Lanti ragowar. Ta kurɓa, ta kurɓa, can sai ta miƙe zaune. "Cindo! Kashe ni ka zo yi? Wane irin shashanci ne wannan, mutum da girmansa?" Cindo ya zauna daɓas yana kukan murna, ya ce, "Ci gaba, Lanti, ci gaba."

Shi ya sa har yau maɗaci yake tsaye da rigarsa, ba mai zuwa wurinsa sai wanda ciwo ya kora, masu magani kuma gabas da yamma kaɗai suke sassaƙa. Ƙudan zuma kuwa, kullum ana bin su da hayaƙi, shi ya sa suke cikin fushi.

To, Ladiyo, ke da kika ce ciwon ciki ya hana ki shara tun safe, miƙo mini ƙoƙon can. A'a, ina za ki da tsintsiya?