Wadda Ta Sha Ruwa a Ƙarshe

A wani zamani mai nisa, lokacin da aljanu ke tare wa mutane hanya da rana tsaka, wani ifritu mai suna Shamkuru ya toshe idon ruwan da ke shayar da Birnin Ramlatu da ƙaton dutse, ya hau kai ya zauna. Rijiyoyi suka ƙafe, har jarirai suka daina kuka don bushewar maƙogwaro.

Sarki Hambali ya tara dakaru ɗari uku ya damƙa wa ɗansa Yarima Darwazu, wanda aka haifa da tabo mai siffar takobi a dantsen dama, abin da ya sa masana suka ce da mulki ya zo duniya. A can ƙarshen ayari kuwa akwai Suhaima, 'yar mai haƙar rijiya, ɗauke da dagin ƙarfen marigayi mahaifinta. Babu wanda ya gayyace ta, ita kuma ba ta nemi izinin kowa ba.

Al'adar Ramlatu ce jagoran yaƙi ya fara shan ruwa, ya wanke fuska da hannun takobinsa, sannan a raba abin da ya rage. Da suka yi kwana tara cikin jan rairayi, salka ɗaya ta saura, Yarima ya yi yadda aka saba, alhali mutane na zubewa a gabansa.

Suhaima ta ce, "Ranka ya daɗe, ruwan da ya gangara ta gemunka zai tashi mutum biyu."

Ya ce, "Ke 'yar rami, haka kakannina suka yi. Koma wurinki."

Ta koma wurinta ɗin. Ta sami wani busasshen kwari ta shiga haƙa tun hantsi har la'asar, tafin hannunta ya saluɓe, farata uku suka fita, jini na bin dagi. Da ruwa ya ɓulɓulo sai ta riƙa kiran dakarun ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar sunan kowa tana shayar da shi. Ita ta sha a ƙarshe, rabinsa laka.

Rana ta goma sha biyu suka iske Shamkuru, kansa kamar rumbu, haƙoransa kamar taɓare, numfashinsa na ƙone ciyawa. Ya ce, "Ya ku 'ya'yan Adamu, wane ne babbanku? Shi kaɗai nake so, sauran za su watse da kansu."

Yarima ba matsoraci ba ne. Ya yaye hannun riga ya nuna tabon, ya zare takobi ya yi kansa. Ifritun ya cafke hannun ya fizge shi daga kafaɗa, ya tauna, ya tofar da ƙashi. Ya tattake mutum ashirin, ya raba wasu gida biyu, hanji na reto a faratansa. Da dakaru suka ga tabon ya tafi cikin aljani, suka zubar da masu suka ruga.

Suhaima ta tsaya a kan Yarima ta ɗaga murya. "Bawale! Ina za ka? Jatau, 'yarka na jiran ruwa! Gambo Dogo, tsawon banza ne da kai?"

Kowa ya ji sunansa sai ƙafarsa ta yi nauyi. Suka juyo, suka rufe ifritun da sara da suka, yana karkashe su suna ƙara matsowa. Ya make Suhaima, haƙarƙarinta biyu suka karye, ta tofar da jini ta miƙe, ta haye bayansa ta luma masa dagin a ido har ya ɓullo ta ƙeya. Ya yi ƙara ya faɗi matacce. Suka haɗu suka ture dutsen, ruwa ya kama hanyar gida.

A fada, Sarki Hambali ya miƙa wa ɗansa ƙwaryar ruwan farko. Darwazu ya karɓa da hannun da ya rage masa, ya durƙusa gaban Suhaima ya miƙa mata, ya ce wa mahaifinsa, "Allah ya ja zamanin Sarki, ni tabo kawai na kai can. Ita ta dawo da mutanenka."

A ranar aka ɗora mata kambun Ramlatu. Ta riƙe ƙwaryar, kowa a fada na jira ta sha. Sai ta juya ta ce, "Bawale, matso."