Alkakin Waziri Cindo

Ranar Talata ce, cikin marka. Kwana huɗu ba a ga rana ba, ruwa na zuba a hankali ba ya tsayawa, bangon kowane gida ya jiƙe har ciki. A zamanin da ne, a wata ƙasa da sunanta ba zai ƙare ku da komai ba. A wannan rana Sarki Jatau ya zauna fadanci, ya dubi Waziri Cindo, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana zaune a damansa.

Sarki ya ce, "Waziri, an sa ranar yarinyar nan. Saura kwana talatin."

Bai kama sunanta ba, don 'yar fari ce. Sunanta Yalwa. Ɗan sarkin ƙasar gabas za ta aura, tana so yana so, ba a nan matsalar take ba. Matsalar ita ce uwarta ta rasu bara, kuma shekara biyu ke nan damina ba ta yi albarka ba. Abin da ya rage a rumbun fada na alkama taiki goma ne, zuma tulu shida. Bayan su babu.

Sarki ya ce, "Da mai ɗakin na da rai, da ba ka ji wannan magana a bakina ba. Yanzu ba ta nan. Duk wanda za a ɗauka aikin bikin nan, kai za ka zaɓa. Mahauci, makaɗi, mai lalle, har masu yin gara. Idan aka fita kunya, kai ka fitar da mu. Idan aka ji kunya, ka ajiye rawani. Na faɗa a gaban jama'a, ba zan janye ba."

Waziri ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na ɗauka."

Mutanen gabas suna da wata al'ada. In an kai garar amarya, ba a shiga da ita ɗaki. A tsakar gida ake sauke ta, gwaggonnin ango su zauna su buɗe ƙwarya ɗaya bayan ɗaya, zabiya na tsaye. Abin da zabiya ta gani shi za ta sa a waƙa, kuma sunan da waƙar ta ba amarya da shi za a kira ta har ta tsufa. Yalwa ta san haka. Da Waziri ya zo fita ta tare shi a soron ciki, ta durƙusa.

Ta ce, "Baba Waziri, ba na roƙon komai da yawa. Kar dai a sa ni a waƙa."

Ya ce, "Tashi, 'yata. Ina raye."

Waziri ba wawa ba ne, kar ku ɗauka haka. Da mahauta uku suka zo neman aiki, bai saurari bakinsu ba, sai ya bi bayan rumfunansu ya duba inda kowa ke zubar da jini da ƙashi, ya ɗauki wanda wurinsa ba ƙuda. Makaɗa kuwa, ya tambayi gidajen da suka yi wa biki bara ko sun tashi da aka ce su tashi. Mai tukwane, da kansa ya ƙwanƙwasa kowace tukunya. Duk abin da namiji ke iya gani a waje ya gani. Amma gara aikin cikin gida ce, kuma tun da aka haife shi bai taɓa tsayawa a bakin murhu ba. Yana da mata, yana da 'yan'uwa mata. Bai tambayi ko ɗaya ba. Waziri ne, shi ake tambaya.

Ya sa aka yi shela: mai son aikin alkakin gara ya kawo ɗanɗano.

Mutum biyu suka rage a ƙarshe. Na farko Nomau, dillali, mai tattara mata su yi aiki shi ya karɓi yabo. Ya zo da alkaki a akushi, da ɗuminsa, zuma na ɗiga. Waziri ya gutsura, ya lumshe ido.

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙwarya arba'in, cikin kwana takwas. In ka ce bakwai ma an gama. Ai aikin fada ba a ce masa sai gobe."

Ta biyun wata tsohuwa ce, Tabawa, wadda ta yi wa marigayiya aiki shekara da shekaru. Hannu rabbana ta zo, ta zauna tana matse bakin zanenta da ruwa ya jiƙa.

Waziri ya ce, "Iya, ina ɗanɗanon?"

Ta ce, "Ban kawo ba. Alkakin yau ko na jikata mai daɗi ne. Tafiyar kwana nawa ce zuwa gabas?"

"Shida."

"A cikin wannan ruwa? Alkamar nawa ce? Zumar fa?"

Ya gaya mata, ransa ya fara ɓaci.

Ta ce, "Ba za ta yi arba'in ba. Ashirin. Kuma kwana ashirin nake so, da ɗaki mai wuta a ciki dare da rana. Ka ce wa mai akushin nan ya bar maka guda, ka rufe shi a ƙwarya kwana tara, sannan ka ci."

Nomau ya yi dariya ya ce, "Iya, in haƙoranki ne suka hana ki ɗanɗanawa, sai in sa a jiƙa miki."

Ta ce, "Haƙorana alkaki ya cinye su, ɗan nan. Naka fa, me ya taɓa su ban da surutu?"

Fadawan da ke wurin suka yi dariya, amma Waziri bai yi ba. Ya ga tsohuwa ta zo gabansa tana yi masa tambayoyi kamar shi ne mai neman aiki. Ya kuma ga ashirin rabin arba'in ne, kuma 'yar sarki ce. Ya ce, "Iya, Allah ya ba da lada. Nomau, je ka karɓi kayan."

Tabawa ta dafa ƙasa ta miƙe.

Kwana takwas cif Nomau ya kawo ƙwarya arba'in, kowace an rufe ta da faifai an ɗaure da igiya. Aka jera su a ɗakin ajiya. Waziri ya ƙirga, ya yi hamdala. Aka shiga biki. Nama ya ishi kowa, lalle ya kama, makaɗa suka yi abin da aka sa su. Aka ɗaura aure, aka tafi da amarya. Saura gara, wadda za ta bi bayanta.

Ana saura kwana uku a ɗauki kayan, da hantsi, Waziri ya bi ta ƙofar ɗakin ajiya, sai wani tsami ya bugi hancinsa. Ya shiga shi kaɗai. Ya kwance ƙwarya ɗaya. Fumfuna ta rufe alkakin, kore da fari, kamar gashin tsohuwar akuya. Ya kwance ta biyu. Ya kwance ta goma. Bai tsaya ba sai da ya buɗe arba'in ɗin, don yana cewa ko ɗaya dai za ta tsira. Babu wadda ta tsira. Ya zauna a ƙasa, babbar rigarsa cikin laima, ya daɗe a haka.

Ya aika aka kira Nomau. Nomau ya leƙa, ya toshe hanci, ya rage murya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya gani ban da ni da kai? A mayar da faifan a ɗaure. Tafiyar kwana shida ce cikin ruwa. In an buɗe a can, sai a ce matan da suka ɗauka ne suka bari ruwa ya shiga. A yi wa biyu uku bulala, magana ta mutu. Rawaninka na kanka, ni ma ina kasuwata."

Waziri ya ce, "Ita kuma yarinyar?"

"Waƙa ce fa kawai. Waƙa ba ta kisa."

Ba zan ɓoye muku ba, Waziri ya auna maganar. Shekara talatin da ɗaya ba wasa ba ce. Har ya ɗauki faifai ɗaya ya mayar a kan ƙwarya. Sai ya tsaya yana kallon hannunsa. Ya cire faifan ya jefar, ya ce wa Nomau, "Fita."

Ya tafi gidan Tabawa a ƙafa, ba rakiya. Ya same ta a rumfa tana tsince wake. Ya ajiye alkaki ɗaya a gabanta. Ta karya shi biyu, ta duba cikin.

Ta ce, "Wuta ta yi yawa, wajen ya soyu, cikin kuma ɗanye. Zumar kuma an sirka ta da ruwa don ta kai arba'in. Sannan aka rufe da zafinsa, gumi ya koma ciki. Ko yarinyar da aka kai ɗaki jiya ta san ba a rufe alkaki da zafi. Matarka ba ta gaya maka ba?"

Ya ce, "Ban tambaye ta ba."

"To."

"Iya, akwai gyara?"

"Wannan ko kaji ba na ba su. Kawo alkama in yi wani."

"Babu a fada. Babu a kasuwa."

"To me ka zo yi, Waziri? Ni ba na soya iska."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce yana da taiki biyu a gida, irin da ya ajiye don shukar fadama in sanyi ya shigo. Zuma kuma akwai fatake a zango, za su karɓi dokinsa.

Ta ce, "Taiki biyu, ƙwarya bakwai, in an yi ƙananan ƙore. Kwana goma sha biyu, ba zan rage ko wuni ba. Kuma kai za ka gaya wa Sarki, ba ni ba."

Da azahar Waziri ya shiga fada. Ya sa aka ɗauko ƙwarya ɗaya aka ajiye a buɗe gaban Sarki, a gaban fadawa duka. Ya faɗi abin da ya faru tun daga akushin Nomau har zuwa faifan da shi kansa ya mayar ya kuma cire. Bai rage komai ba.

Sarki ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Sannan ya ce, "Da ka ɗaure ka aika, da ban sani ba."

"Da ka ji a bakin zabiya, ranka ya daɗe."

Sarki ya sa aka rubuta wa surukai cewa gara za ta makara. Wannan kaɗai abin kunya ne, kowa ya sani. Nomau kuwa aka yanke masa hukunci a take: zai zauna a tsakiyar kasuwa da ƙore arba'in a buɗe har cin kasuwa uku, duk wanda ya tambaya ya gaya masa yadda aka yi, bayan nan ba shi ba dillanci a ƙasar. Maganar Waziri, Sarki ya ce sai masu kai gara sun dawo.

Tabawa ta yi aikinta. Ta barza, ta murza da man shanu, ta bar ƙullun ya kwana ya tashi, ta soya a wuta kaɗan-kaɗan, ta tsoma a zumar da ta dafa har ta yi danƙo. Kwana uku alkakin na shan iska a ɗaki mai wuta kafin ta yarda a rufe. Waziri ya riƙa zuwa kullum yana tsayawa a ƙofa. Ba ta taɓa ce masa ya shigo ba.

Mata bakwai suka ɗauki ƙwarya bakwai suka tafi. Bayan mako biyu suka dawo, babbarsu ta durƙusa gaban Sarki ta ba da labari. An buɗe a tsakar gida. Zabiya ta ƙirga ƙore da ƙarfi, mata suka yi guɗa ta shaƙiyanci. Babbar gwaggon ango ta karya alkaki ɗaya, ta duba cikin, ta ci, ta ce a kai mata ƙwarya guda ɗakinta kar a raba. Ba wanda ya ce ya ga ɓaci. Amma an sa Yalwa a waƙa. Mai Ƙwarya Bakwai, haka yaran gidan ke kiranta tun kafin matan su juyo.

Sarki ya ce, "Ta yi kuka?"

Matar ta ce, "Ta yi, ranka ya daɗe. Amma ta ce a gaida Baba Waziri."

Sarki ya juya ga Waziri, idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Cindo, tare aka yi mana kaciya da kai. Ka rufe babbar kunya da dukiyarka, na gani. Amma ƙaramar ta tafi gabas, kuma tana nan a kan yarinyar nan har ta mutu. Na yi magana a gaban jama'a."

Waziri ya ce, "Gaskiya ne. Da ka janye, da ni zan fara ce maka ba daidai ba ne."

Ya sa hannu ya warware rawanin da kansa, ya ninke shi, ya ajiye a gefen shimfiɗar Sarki. Sarki ya ba da umarni cewa daga ranar duk aikin cikin gida na bikin fada, tsofaffin mata ne za su zaɓi mai yinsa, Tabawa ce shugabarsu. Aka yi addu'a, aka tashi. Ba wanda ya raka Cindo zuwa ƙofa.

Washegari ya yi sallar asuba, ya sa hula, ya fito. Ruwa ya ɗan tsagaita. Ƙafarsa ta kama hanyar fada yadda ta saba, har ya kai bakin masallaci sannan ya tsaya. Ya juya ya koma gida, ya wuce turakarsa, ya shiga har madafi inda matarsa ke hura wuta da ɗanyen icce, hayaƙi ya cika wurin. Ta ɗago tana kallonsa, don ba ta taɓa ganinsa a nan ba. Ya jawo turmi ya kifa, ya zauna.