Ranar Da Aka Tara Masu Suna Ayashe

A zamanin da, a wani gari mai ganuwa da ƙofofi bakwai, an yi wani sarki ana ce masa Gwadabe. Allah ya ba shi mulki da lafiya, amma ya jarrabe shi ta wajen haihuwa. Sau uku matarsa tana sauka, sau uku ana binne jaririn tun bai cika arba'in ba. A karo na huɗu aka sami 'ya mace, 'yar mitsitsiya, sarki ya kasa cin abinci don fargaba.

Kwana biyu da haihuwa ya shiga cikin gida ya duba ta, sai ya tarar da ungozoma, wata tsohuwa ana ce mata Iya Marka, tana yi mata wanka tana cewa, "Ayashe, Ayashe, wa ma yake son ki? Kwanta abinki."

Ran sarki ya ɓaci ƙwarai. Ya ce, "Shekara tara ina roƙon Allah, ke kuma kina cewa a yasar da ita?" Ya fito fada ya yanke hukunci: ran suna Iya Marka ta bar garin, kuma kada a ƙara kiran kowa da wannan suna a ƙasarsa.

Iya Marka ta haura saba'in, ba ta da kowa a bayan ganuwa. Wazirin sarki, Tanimu, ya san haka. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, hukunci ya yi daidai. Sai dai a yi shela, duk mai wannan suna ta zo fada jibi, ta ajiye shi a gabanka da bakinta." Sarki ya yarda.

Da ranar ta zo, mata arba'in da ɗaya suka cika ƙofar fada. Ga mai koko, ga masu kaɗi, ga wata a kan jaki jikoki sun kewaye ta. Waziri ya kira wadda ta fi tsufa, ya ce, "Baba, 'ya'ya nawa uwarki ta binne kafin ke?"

Ta ce, "Biyar, ranka ya daɗe. Da aka haife ni sai ta ɗora ni a kan juji ta juya baya, wai ba ta so na, kakata ta ɗauko ni. An ce uwata tana tsaye hawaye har ƙirji."

"Yau fa?"

"Jikoki ashirin da biyu, har da ja'irin da ya cinye mini goro a hanya."

Fadawa suka yi dariya. Waziri ya ce, "To, ajiye sunan."

Ta ce, "In ajiye wa wa? Shi kaɗai uwata ta bar mini, ko tukunya ban gada ba."

Sarki ya dubi limamin gari, Malam Zubairu. Malam ya ce, "Rai na Allah ne, suna ba ya ƙara kwana, ba ya ragewa. Amma ban taɓa ganin an sa wa 'yar da ba a so wannan suna ba. Uwar da ta gaji da binnewa ce take ɓoye sonta, don tsoron kada a sake ɗauke mata."

Sai sarki ya sa aka kawo Iya Marka. Ya ce, "Me ya sa kika kira 'yata haka?"

Ta durƙusa ta ce, "Haka muke kiran mahaifiyarka, Allah ya ji ƙanta. Kai Hadizatu ka sani, fadawa kuma Mai Babban Ɗaki suke cewa, ba mai iya faɗin lakabinta a gabanka. Tare muka ɗebi ruwa a rafi muna 'yan mata. Ita ce ta biyar a ɗakinsu, ita kaɗai ta rayu. Da na ga idon yarinyar nan sai na ga nata, bakina ya riga ni."

Sarki ya sauko daga karaga ya kama hannunta ya tashe ta. Ya ce, "Iya, shekara arba'in ina ɗanta ban san wannan ba. Na gode. Ki yafe mini." Ya janye hukunci, ya sa aka ba kowace mace zane da goro, ya ce wa waziri, "Na gane dabararka, Allah ya saka maka."

Ran suna liman ya raɗa Hadizatu, mata suka rangaɗa guɗa suna kiran Ayashe. Yarinya ta cika arba'in, ta yi rarrafe, ta taka, kuma Iya Marka ce ta yaye ta.

Daga nan sunan ya bazu, har matan da ba su taɓa rasa ɗa ba suka riƙa sa wa 'ya'yansu. Iya Marka takan ce musu, "Ku gode wa Allah, ku bar shi ga masu bukata."

Yanzu sunan ya yi wuyar ji. Amma in ka gamu da tsohuwa mai shi, ka gaishe ta da kyau, ka yi wa uwarta addu'a.