Mai Zuma da Haƙoran 'Yarsa

Akwai wani mutum mai kiwon zuma, yana da amya da yawa a bisa itatuwan ɗorawa. Yana da 'ya guda, sunanta Briskila, yana kuwa ƙaunarta ƙwarai da gaske. Sai dai ƙaunar tasa hanya ɗaya ta sani, wato ta baki. In yarinyar ta yi kuka, sai ya lakato zuma ya sa mata. In ta yi dariya, zuma. In ta zauna shiru, sai ya ce ai shirun ya yi yawa, ya ƙara mata.

Ana nan sai haƙoranta suka soma yin baƙi, suna rarakewa. Ta daina dariya, ko gasasshiyar masara ba ta iya ci. Hankalin uban ya tashi, ya ɗauke ta ya kai wa likitan haƙori.

Likita ya duba, ya ce, "Baban Briskila, Allah ya riga ya sa mai gadi a bakin kowane yaro. Yawu ne."

Mutumin ya ce, "Yawu? Wannan da muke tofarwa?"

"Shi fa. Yana wanke haƙora, a cikinsa kuma akwai abin da ke yaƙi da ƙwayoyin cuta. Amma kafin ya gama wanke zumar safe, ka zuba ta hantsi. Ina zai iya?"

Mutumin ya yi baƙin ciki, ya ce, "Ashe da hannuna na lalata bakin 'yata."

Likita ya ce, "Kwantar da hankalinka. Waɗannan haƙoran nono ne, zan yi musu magani. Na girma suna tafe, su za ka ceta."

Daga ran nan ba a shan zuma a gidan sai lokacin cin abinci. Tsakani kuwa sai ruwa, da goge baki safe da yamma. Abin ya fi yi wa uban wuya. In ta yi kuka, sai ya ɓoye hannuwansa a baya, ya yi ta yi mata waƙa da muryarsa mara daɗi har ta fashe da dariya.

Da lokaci ya yi, sababbin haƙora suka fito farare tas, ba ko tabo. Mutumin ya riƙe hannunta ya bi gida gida, yana cewa, "Ku zo ku gani! Briskila, buɗe musu baki!" Maƙwabta suka yi ta dariya, suna yabon Allah tare da shi.

Ma'anar wannan misali ita ce, yawun nan da muke renawa kamar aikin Ruhun Allah ne a zuciya. Ba ya surutu, amma kullum yana wankewa, yana tsaro. Zuma kuwa daɗin duniya ce. Ita ma kyautar Allah ce, sai dai wanda yake cusa ta ba hutawa yana hana mai gadin aikinsa. Ku iyaye, ba kowane kuka ne ake rufe shi da zaƙi ba. Ku yara, in kun ga wani abu ya riga ya lalace a rayuwarku, kada ku fid da zuciya. Allahnmu mai ba da sabo ne. In ya ba ku, ku riƙe shi da kyau.