Tunkiyar da Aka Rage wa Igiya

Akwai wani mutum mai 'yar gona a bayan gari, da tumaki kaɗan. Gonarsa tana iyaka da ta ƙanensa Irmiya, amma tun rabon gado ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Da damina ta kankama, kowa ya ɗaure dabbobinsa saboda shuka. Mutumin ya kafa turken wata farar tunkiya mai tsohon ciki kusa da iyaka, inda ciyawa ta fi kyau. Irmiya bai noma wannan gefen ba a shekarar, don haka bai hana ba. Amma wata safiya mutumin ya ga kashin tunkiyar a ƙasar ƙanensa, ransa ya ɓaci.

"Ta ci ciyawata, ta yi wa wani taki?" Sai ya nannaɗe igiyar a jikin turke, ya bar mata kaɗan.

Matarsa ta ce, "Maigida, yau ko gobe za ta haihu fa. Ka sassauta mata."

Ya ce, "Ke ce makiyayin ko ni?" Ya kuma ɗaga murya ya ce, "Irmiya, ranar da na ga sawunka a gonata, sai mai unguwa ya raba mu!"

Ran kasuwa ya tafi da matarsa. Da rana tsaka tunkiyar ta haihu. Wurin kuwa gangare ne, ciyawa a jiƙe, sai ɗan ya zame ƙasa kaɗan, yanar haihuwa ta rufe masa hanci. Uwar ta miƙa wuya don ta lashe shi, igiya ta riƙe ta. Ta ja, ta ja, har wuyanta ya sale, harshenta bai kai ba.

Da yamma mutumin ya tarar da ɗan ragon ya sandare, ƙudaje suna binsa. Ya hangi Irmiya a kan iyaka.

"Ba ka ji kukanta ba?"

"Na ji, Yaya. A nan nake tsaye har ya daina motsi."

"Ko ka tura mata shi da ƙafa!"

"Kai ka ce kada ka ga sawuna. Na bi maganar babba."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwana, igiyar nan riƙon da muke yi wa juna a zuci ne. Mukan rage ta don kada alherinmu ya ɗiga a gonar ɗan'uwa, mu manta a wuyan namu take. Kada kuma wani ya wanke Irmiya. Ya ga rai yana fita, ya zaɓi ya rama. Ubangiji zai tambayi mai igiya, zai kuma tambayi mai tsayuwa a iyaka.

A cikinmu akwai waɗanda suke rera waƙa ɗaya ran Lahadi, amma 'ya'yansu ba su san ƙofar gidan juna ba. Kowa yana cewa shi ne da gaskiya. To, waɗancan ma kowa ya koma gida da gaskiyarsa. Tunkiya kuwa tana nan a turke, nono ya cika mata, babu mai sha.