Bijimin Ma'aikata

A bazarar bara waccan, ma'aikatar kiwo ta yanke shawara cewa shanun ƙasa sun cika ƙashi da ƙaho, naman bai taka kara ya karya ba. Sai ta sayo bijimai bakwai daga ƙetare, jajaye marasa tozo, ta raba wa gundumomi bakwai don su yi barbara. Na bakwai ya faɗo wa gundumar Gidan Marke, aka damƙa shi ga Sarkin Tike Barau, shugaban kasuwar shanu, tare da takarda mai sharuɗɗa uku: kada a fitar da shi daga rumfar kwanon da aka gina masa, kada ya ci komai sai abincin buhu da za a riƙa aikowa, kada wuƙa ta taɓa shi sai da sa hannun darakta. Gundumar da nata ya mutu za a karɓe makiyayarta, wato filin kiwonta.

Barau ya karanta sau biyu, ya ce, "Wanda ya rubuta wannan ya taɓa tsayawa kusa da saniya kuwa?"

Sati bai cika ba bijimin ya kwanta a ƙarƙashin kwanon, harshe waje, yana haki. Ja'e makiyayi ya leƙa, ya ce, "Ranka ya daɗe, gasa shi kuke yi?" Bai jira amsa ba ya kwance shi, ya lallaɓa shi zuwa fadama. Kullum ya jiƙa masa jiki, ya cire masa kaska ɗaya bayan ɗaya, har ya miƙe.

Abincin buhun kuwa bai taɓa zuwa ba. Barau ya je birni sau huɗu, duk zuwa a ce masa mai riƙe da makullin sito ya tafi taro. Bijimin ya ƙi ciyawa, haƙarƙarinsa suka fito. Sai Inna Tabawa, wadda ta shekara talatin tana turke shanun sallah a bayan ɗakinta, ta dama dusa da kanwa, ta daddatsa harawa, ta riƙa ba shi a tafin hannu tana yi masa faɗa kamar jika. Kwana arba'in ta yi a haka kafin ya yarda ya sa baki a kwarya.

Da ruwan farko ya sauka, bijimin ya faɗa wata gona ya ci gyauron dawa, cikinsa ya kumbura kamar ganga. Aka kira Nomau mahauci ya yanka kafin ya zama mushe, aka kuma tuna da sa hannun darakta. Wayar darakta a kashe. Nomau ya ce, "Ku matsa, na fi shi sanin cikin shanu." Ya auna kwiɓin hagu da yatsu, ya huda da tsinin wuƙa, iska ta fita, bijimin ya numfasa.

Bijimai shida da aka bi takarda a kansu duk suka mutu. Da kaka darakta ya iso da masu ɗaukar hoto, ya shafa bayan na Gidan Marke, ya ce wannan shaida ce tsarin ma'aikata ya yi nasara. Ya ƙara da cewa an rufe shirin, bana kiwon kifi za a sa a gaba, makiyaya ta tsira, bijimin kuma kyauta ne ga wanda ya kula da shi. Ya miƙo wa Barau takarda mai gurbin suna ɗaya.

Barau ya ce, "Yallaɓai, su uku ne."

Darakta ya ce, "Layi ɗaya ne, Sarki. Yi sauri, muna da wani taron."

Barau ya riƙe biron, ya dubi Ja'e, ya dubi Inna Tabawa, ya dubi Nomau. To, jama'a, da ku ne Barau, sunan wa za ku rubuta?