Hoton da Dangi Suka Yi wa Addu'ar Mamaci

Ku kifa wayoyinku a ƙasa tukuna. Wannan labarin ba ya son waya tana kallon sama.

A Malumfashi an yi wani tela, Lurwanu, wanda in gari ya waye bai tsokani kowa ba sai ya ji kamar zazzaɓi zai rufe shi. Wadda ta fi shan tsokanarsa kakarsa ce, Iya Tabawa. Tana ce masa maigida marar cefane, yana ce mata amarya ba haƙori. Mijinta na gaskiya, Malam Tanko, ya daɗe da rasuwa, kuma har ya koma ga Allah bai yarda an ɗauke shi hoto ba. Kowa dai ya san Lurwanu kamanninsa ya kwaso.

Wata rana Lurwanu ya sauke manhajar nan mai mayar da sabon hoto tsoho. Ya ciro babbar rigar marigayin daga adaka, ya naɗa rawani, ya jingina da katangar zaure, ƙanwarsa Shafa'atu ta ɗauke shi hoto. Yana dannawa launi ya tsere. Hoton ya koma ruwan shayi, gefensa ya cinye kamar gara ta ɗanɗana. Ya kai aka wanke a takarda, ya miƙa wa tsohuwa.

"Amarya, ga tsohon angonki na tsinto wajen wani mai hoto a Funtuwa. Ni da shi wa ya fi kyau?"

Jira yake ta kai masa duka da mafici. Sai ta shafa fuskar hoton da yatsa, ta ce a hankali, "Malam, ashe haka kake. Har na fara mantawa." Ya kasa faɗa mata gaskiya.

Goggo Yalwa, ƙanwar mahaifinsa, ta ga hoton ta sha kuka, ta ɗauka a wayarta ta watsa wa dangi. Nan take amsoshi suka fara shigowa. Allah ya jiƙansa. Allah ya kai haske kabarinsa.

To, wanda ke cikin hoton ake wa addu'a, kuma Lurwanu ne a ciki.

Jar hularsa ta fara koɗewa a kansa. Duk rigar da ya sa da safe, kafin azahar ta koma ruwan shayi. Muryarsa ta soma shuu kamar tsohuwar rediyo, jikinsa na warin adaka, kan yatsunsa na cinyewa. Yara suka daina gaishe shi, ba don raini ba, ganinsa ne ba sa yi. Matarsa ta zubo tuwo, ta tsaya a gabansa tana tunanin wa ta zubo wa. Ya rantse wa dangi cewa shi ne a hoton, suka ce Lurwanu ba ya gajiya da shaƙiyanci.

Shafa'atu ce ta lura cewa duk sanda waya ta yi ƙara da sabuwar addu'a, sai wani abu ya ragu a jikin yayanta. Ta nemi hoton asali mai launi, ashe manhajar ta haɗiye shi. Ta zauna tonon wayarsa. Duk inda ta buɗe, wani sanyi kamar na rijiya yana hawa hannunta, amma ba ta saki ba sai da ta ciro shi: ga Lurwanu da silifas na roba, ga janareta a bayansa. Ta miƙe da furfura fal gaban goshinta, yarinyar da ko baiko ba a yi mata ba.

Goggo Yalwa ta karɓi hoton mai launi ta shiga mota, don dangi sun ce sai sun ji daga bakin babba. Gari-gari, gida-gida, kowa ya goge nasa a gabanta, ya ce Allah ya ja kwanan Lurwanu. Waya ta ƙarshe tana hannun yayanta Baffa Iro, wanda suke gaba tun rabon gona, har ta taɓa cewa ko gawarta kada a bi da ita ta ƙofarsa. Ta je ta durƙusa a ƙofar. Ya bar ta cikin rana maƙwabta na kallo, sai da ta ba shi haƙuri kan laifin da ba nata ba, sannan ya goge.

Saura na takarda, wanda ke ƙarƙashin matashin Iya Tabawa. A lokacin Lurwanu yana kwance, ana hango saƙar tabarma ta cikin ƙirjinsa. Aka nuna mata gaskiya. Ta kau da kai, ta ce a bar ta da hoton zuwa la'asar. Ta zauna tana kallonsa. Ana kiran salla ta ɗora shi a kan garwashi da hannunta.

"Tashi, ja'iri," in ji ta. "Ka sa ni takaba sau biyu."

Ya yi atishawa, ya tashi da launinsa. Ita kuwa daga ranar ko ta rufe ido, fuskar Malam ba ta ƙara zuwa mata ba.

Bana matarsa ta haifi mace. Ga rago a ɗaure, ga liman yana jira a raɗa masa suna, Lurwanu ya ce sai dai sunan wadda ta cece shi. Gida ya rabu uku. Masu kushe Shafa'atu suka ce ai ita ta ɗauki hoton tun farko. Masu kushe Goggo suka ce ita ta watsa shi. Masu kushe Iya suka ce ta ga jikanta yana ƙarewa, amma ta ce sai la'asar.

To, ku da kuke zaune: da furfurar budurwa, da gwiwar Goggo a ƙofar da ta yi rantsuwa a kanta, da fuskar mijin da tsohuwa ta ƙona, sunan wa za a raɗa wa liman?